Jaridar bango ta ɗalibai a Katsina

Jaridar bango ita ce jaridar da ɗalibai ke rubutawa da hannu a kan kwali su liƙa a allon sanarwa na makaranta, yawanci ƴan firas kulob, wato ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar aikin jarida, ne ke yinta a sakandare da kwaleji. Ba a sayar da ita, a tsaye ake karantawa, wani lokacin ma sai ka leƙa ta saman kafaɗar wani saboda cunkoso.

Katsina dai ba baƙuwa bace a harkar jarida. Kwalejin Katsina da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 ita ta yaye Abubakar Imam, wanda ya koyar a makarantar Midil ta Katsina kafin ya koma Zariya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Janairun 1939. Ita kuma kwalejin an maida ita Kaduna a 1938, daga baya Zariya, ita ce Barewa ta yanzu. A shekarun 1950 kuma hukumar NORLA, mai kula da harkar adabi a Arewa, ta riƙa buga jaridun larduna, ta lardin Katsina sunanta Himma. A ganina irin wannan ɗalibai suka gani suka kwaikwaya da ɗan abinda ke hannunsu.

Aikin kansa akwai edita, akwai masu ɗauko rahoto daga ɗakunan kwana, sai mai zanen katun, amma wanda ya fi kowa shan wahala shi ne mai kyan rubutu, shi zai duƙa da alƙalamin maka ja da baƙa yana jan layi da rula har dare ya raba, in ya kuskure harafi ɗaya a kanun labari sai a sake sabon kwali. Malamin da ke kula da kulob ɗin zai duba kafin a liƙa. Labaran kuwa na gida ne, waken ɗakin cin abinci mai ƙwari, famfon da ya daina kawo ruwa, gasar wasanni tsakanin gidaje, waƙa, kacici-kacici. Sai shafin gulma da ake sa sunan ɓoye, shi ke tara jama'a shi ke jawo rigima, sau tari gari na wayewa za a tarar an yage shi.

Inda akwai hali akan buga mujallar ƙarshen shekara da sitensil a injin Gestetner, daga baya fotokwafi ta shigo, yanzu kuma labarin makaranta ya koma WhatsApp da Facebook. Abinda ke min ciwo shi ne ba a cika adana kwalayen nan ba, sabo na zuwa ake ɓalle tsoho, wani ruwan damina ya jiƙe shi tun yana bango, wanda aka jefa sito kuma gara ta cinye.