Samar da wutar lantarki a tsofaffin wuraren niƙa na ruwa a Ingila

Tun kafin zuwan injin tururi, ƙarfin ruwan koguna ne yake juya duwatsun niƙa a Ingila, har ƙidayar dukiyar ƙasa da aka yi a shekarar 1086 ta lissafa wuraren niƙa irin waɗannan sama da dubu biyar. Yawancinsu sun daina aiki, amma madatsunsu da magudanan da ke kai ruwa ga wilin niƙa suna nan, kuma su ne suka sa ake komawa waɗannan wurare domin girka ƙananan injinan lantarki, tun da an riga an yi aikin ginin da ya fi cin kuɗi. Dabarar ta daɗe, domin a 1881 garin Godalming ya haska titunansa da wutar da wilin ruwa na masana'antar Westbrook ya samar a kogin Wey.

Yawan wutar ya dogara ne ga adadin ruwan da ke wucewa da kuma tsayin faɗuwarsa. Idan lita 1,000 ta faɗo daga tsayin mita 2 a kowace daƙiƙa, ƙarfinta ya kusan kilowat 20, sai dai abin da janareta ke bayarwa yakan tsaya wajen 14. Da yake faɗuwar ruwa a waɗannan madatsu gajera ce, an fi karkata ga sukurun Archimedes, wato wani ƙaton ƙarfe murɗaɗɗe da ake kwantar da shi a karkace, nauyin ruwa yana juya shi sannu a hankali, kifaye kuma suna bi ta cikinsa galibi ba tare da rauni ba. Irinsa ne mutanen garin New Mills suka haɗa hannun jari suka kafa a 2008 a kan kogin Goyt, a kufan wata masaƙar auduga da gobara ta cinye a 1912, kuma yana iya ba da kilowat 63.

Neman izini yakan fi girka injin ɗaukar lokaci. Hukumar kula da muhalli ce ke ba da lasisin karkatar da ruwa, tana kuma gindaya sharaɗin a bar wani kaso ya ci gaba da bin hanyarsa, a kuma gina wa kifi mashiga, abin da ke tsayar da injin idan ruwa ya ja da baya. Tallafin da gwamnati ta kawo a 2010, na biyan masu ƙananan tashoshi kuɗi kan wutar da suka samar, ya ƙarfafa aikin, amma an rufe shi ga sababbin masu nema a 2019.