Gaisuwar Yahudawa: ko wanda ba Bayahude ba zai iya yin ta?

Da me Yahudawa suke gaisawa?

Wadda kowa ya sani ita ce "shalom", ana yin ta da zuwa da tafiya. Cikakkiyarta "shalom aleikhem", a amsa da "aleikhem shalom". Ibrananci da Larabci 'yan gida ɗaya ne, shi ya sa take kama da sallamarmu. Sauran gaisuwar kuma lokaci suke bi. Ranar Juma'a, tun kafin rana ta faɗi, har yammacin Asabar, "shabbat shalom" ake cewa, domin Asabar ce ranar hutu da ibadarsu. Idan Asabar ta fita sai a koma "shavua tov", fatan mako mai kyau. Sabuwar shekararsu, wadda take faɗowa a Satumba ko farkon Oktoba, "shana tova". Biki ko haihuwa, "mazal tov".

To, addininsu ya hana bare ya gaishe su da waɗannan?

Bai hana ba. Gaisuwa ce, ba kalmar shiga addini ba. A Isra'ila Larabawa Musulmi da Kirista suna cewa "shalom" a kasuwa da asibiti, kuma a New York maƙwabci yakan ce wa maƙwabcinsa Bayahude "shabbat shalom" ba wanda ya ɗaga kai. Talmud ma, babban littafin malaman addininsu, ya ruwaito cewa malaminsu Yohanan ben Zakkai, na ƙarni na farko, ba a taɓa riga shi gaisuwa ba, ko da wanda ba Bayahude ba ne ya haɗu da shi a kasuwa. Abin da yake ɓata musu rai shi ne a kwaikwayi lafazinsu don zolaya.

Ina ne mutum yake iya yin kuskure?

A rana, ba a kalma ba. "Hag sameah", wato barka da sallah, ta dace da bukukuwan murna kamar Fesah da Sukkot. Amma Yom Kippur ranar tuba ce da azumin kusan awa 25, ba ci ba sha. Wanda ya yi musu barka da shagali ranar ya nuna bai san me ake ciki ba. "Tzom kal" ake cewa, fatan azumi mai sauƙi. Akwai ma inda ba a gaisuwa sam. Ranar Tisha Be'Av, da suke juyayin rushe Haikalinsu, wato babban ɗakin ibadarsu na Ƙudus, wanda Rumawa suka yi a shekara ta 70 Miladiyya, masu riƙon addini ba sa gaisawa. Haka gidan makoki a kwana bakwai na farko: shiga ake yi a zauna shiru har mai rashi ya fara magana. Bahaushe da ya saba jero "ya haƙuri" tun daga ƙofa, nan ne zai fi shan wuya. Ba a kuma furta "shalom" a banɗaki ko wurin wanka, domin suna ƙirga ta cikin sunayen Ubangiji.

Musulmi fa, a nasa addinin?

Wannan wata mas'ala ce daban, kuma malamai sun yi saɓani. Akwai hadisi a Muslim da ya hana fara yi wa Yahudu da Nasara sallama, da wani a Buhari da Muslim da ya ce idan sun yi sallama a amsa da "wa alaikum". Ibnul Ƙayyim yana ganin idan an ji sun furta sallamar sarai, a mayar musu cikakkiya. Taya murnar bukukuwan addininsu kuwa, malamai da yawa sun hana, wasu na wannan zamani sun sassauta don zaman maƙwabtaka. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana da "boker tov", ina kwana kenan, babu addini a cikinta.

Hannu fa, a miƙa?

Namiji da namiji, babu komai. Amma masu tsananin riƙon addini a cikinsu ba sa musabaha da macen da ba tasu ba, matansu ma haka. A jira a ga ko an miƙo.