Dam a cike, famfo a bushe: amsar tambayoyin da kuke ta yi kan Tiga, Challawa da Watari

Tambayoyin nan kan dam-dam ɗin Jihar Kano da ruwan famfon birnin Kano duk damina sai sun dawo, duk bazara sai sun dawo, kuma su ɗin ne dai ba sa canzawa. Na haɗa su wuri ɗaya, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Wai Turawa ne suka gina dam ɗin Tiga?

A'a. Aikin zamanin Audu Bako ne, a kan Kogin Kano, an gama shi 1974. Na Challawa da ke Ƙaraye kuma 1992. Abin da ya samo asali tun zamanin Turawa shi ne tsohuwar matatar ruwa ta Challawa, farkon shekarun 1930, lokacin Sarki Abdullahi Bayero.

Dam a cike yake maƙil, to me ya sa famfonmu ba ya kawo ruwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa. Ɗan'uwa, dam randa ce kawai, ajiya yake yi, ba shi ke kai ruwa gidanka ba. Sai an sako ruwan ya bi kogi ya gangaro har wajen Tamburawa inda Kogin Kano da na Challawa suke haɗuwa, injina su zuƙo shi, a zuba alam laka ta kwanta, a tace shi ta cikin yashi, a sa kulorin, sannan wasu injinan su tura shi manyan tankuna irin na Goron Dutse, daga nan ya biyo bututu. Duk injin da na ambata wuta yake ci ko dizal, in wuta ta ɗauke ko inji ɗaya ya lalace shi ke nan, ko dam yana tumbatsa ba ka ganin ɗigo. Sabuwar matatar Tamburawa an yi ta ne don ta ba da lita miliyan 150 a rana, ta dam ɗin Watari da ke Bagwai miliyan 75, amma wannan lissafin ranar da komai ke aiki daidai ne. Ga bututu sun tsufa suna yoyo a ƙarƙashin ƙasa, ga unguwannin da aka yanka bayan an gama shimfiɗa bututun, su ko layin ma bai je musu ba, sai dai 'yan garuwa.

Kuma mu ma da laifinmu, a faɗi gaskiya. Mutum ya huda babban bututu ya ja gidansa ba izini, wani ya ɗaura injin zuƙo ruwa ya shanye na layin gaba ɗaya maƙwabta na kallo, bututu ya fashe a bakin titi yara na wanka ba mai kai rahoto. Haba jama'a.

Wa ke da dam ɗin, jiha ko tarayya?

Tiga da Challawa suna hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, ta tarayya ce. Tacewa da rabawa a gari aikin hukumar ruwa ta jiha ne. Ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa.

Ruwan dam ai mai gudu ne, zan iya sha haka?

A'a. Tafasa shi. Alam datti kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta.

Da kankare aka yi su ne? Na ji an ce ƙasa ce kawai aka tara

Ƙasa ce, kuma kada wannan ya tayar miki da hankali Hajiya. Jikin bangon ƙasa ce da aka daddanne hawa-hawa, tsakiyarta yumɓu mai hana ruwa ratsawa, fuskar da ke kallon ruwa an jera mata duwatsu. Kankaren yana wurin mafitar da ruwa ke bi in dam ya cika, da bakin bututun da ake sako ruwa. Dam na kankare zalla yana son kwari matsattse mai dutse a ƙasa, mu kuwa ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, bangon Tiga kaɗai ya kai wajen kilomita 6, wa zai zuba wannan da siminti? Abin da ke kashe dam na ƙasa shi ne ruwa ya haura ta samansa, ko yoyo ya samu hanya ta ciki a ƙyale shi, ko a bar bishiya da gara su yi gida a jikinsa. Dam ɗin da ake kula da shi yana daɗewa ƙwarai.

An yi min tayin fili kusa da dam da araha, in saya?

To, nan ba zan ce maka e ko a'a kai tsaye ba Alhaji, don ya danganta da abubuwa da yawa, kuma kuɗinka ne. Da farko wane gefe ne, saman dam wajen tafkin ko ƙasan bango inda ruwa ke fita? In sama ne, ka sani ruwa yana ja baya da rani, filin da aka nuna maka a watan Afrilu busasshe lafiyayye yana iya zama ƙarƙashin ruwa a watan Satumba, kuma yawancin ƙasar da ke bakin tafki tun lokacin gini gwamnati ta karɓe ta, wanda ke sayar maka wataƙila noma kawai yake yi a kai ba mallakarsa ba ce, ko da ya rantse maka tun kakansa suke nomawa, yana iya zama gaskiya ya faɗa amma takarda ta ce wani abu daban. In kuma ƙasa ne, sai ka duba ina hanyar mafitar ruwa ta bi, don shekara biyar ana iya yi ba ta kawo ruwa ba, ta shida ta kawo da ƙarfi.

Sannan me za ka yi da shi? In noman rani ne, tumatir ko albasa ko alkama, ka shuka ka kwashe kafin ruwa ya dawo, wannan da sauƙi, asararka in ta zo ta shekara ɗaya ce, ko da yake shi ma sai ka tambayi ko an yarda ka sa injin ban-ruwa a wurin, kuma ka ji tsoron Allah wajen feshi da taki don ruwan nan mutane ne za su sha. In gida ne za ka sa iyali, nan kam ni dai ba na ba da shawara sai filin yana kan tudu sosai. Abin da nake cewa kowa, kada ka biya da rani. Jira Agusta ko Satumba ka je da ƙafarka, ka dubi alamar ruwa a jikin bishiyoyi da tsofaffin katangu, ka zauna da dattawan ƙauyen waɗanda ba su da kamasho a cinikin ka tambaye su ina ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi yawa, ka ga mai unguwa da dagaci, sannan ka je ofishin masu kula da dam ɗin su nuna maka iyakarsu. Duk da haka ba na ce lafiya lau ba ne, don ruwa yana iya wuce inda ya saba tsayawa, mutanen Maiduguri da ruwan dam ɗin Alau ya shiga wa gida ran 10 ga Satumba 2024 ai da yawansu ba a bakin dam suke ba, cikin gari suke. In mai filin yana ta matsa maka ka biya yau-yau wai wani na jira, ka bar masa kayansa.

An turo min murya a WhatsApp wai dam zai fashe cikin dare

Wa ya faɗa, a ina yake, me ya gani? In ba amsa kada ka tura wa kowa, kuna sa tsofaffi da masu jego kwana a tsaye. Ruwa ya bi ta mafita ba fashewa ba ce, aikin da aka gina ta don shi ke nan. Amma ba na ce dam ba ya ɓallewa ba, na Bagauda ya ɓalle a 1988, an yi asarar rayuka da dukiya. Saboda haka in sanarwa ta fito daga hukuma ko ta bakin hakimi cewa mutanen bakin kogi, su Wudil, Ringim, Auyo har Haɗeja, su tashi, to a tashi, ba a tsaya gardama.

Yara na zuwa wanka, akwai matsala?

Akwai. Tsargiya, wato fitsarin jini, daga irin wannan ruwan ake ɗaukarta, ƙwayar tana fitowa daga jikin dodon-koɗi ta shiga ta fata. Ba alamar girma ba ce kamar yadda wasu ke cewa, cuta ce, a kai yaro asibiti akwai magani. Ga nutsewa kuma, bakin dam yana da santsi da zurfi farat ɗaya. Masu shiga kwale-kwale kuma don Allah ku daina lodin da ya wuce kima, ba mu manta yaran Islamiyya da suka rasu a ruwan Bagwai ƙarshen Nuwamba 2021 ba, Allah ya jiƙansu.

Me ya sa ruwan famfo ke zuwa ja da damina?

Laka ce daga gonaki da zaizayar ƙasa, ta fi ƙarfin alam ɗin da aka zuba. Ita ce kuma ke kwanciya a gindin dam tana rage masa ciki shekara-shekara, shi ya sa nake faɗa da masu sare bishiyoyin bakin kogi da masu noma har cikin gaɓa. Ki bar shi ya kwanta, ki tace da tsaftataccen ƙyalle, ki tafasa na sha.