Sadarwa a aikin jinya

Sadarwa a aikin jinya ita ce yadda nas take magana da majinyaci da danginsa, da yadda take sauraronsu, da kuma yadda take isar da abin da ta gani ga likita da abokan aiki. Makarantun jinya suna koyar da ita tare da ilimin jiki da na magunguna, domin nas ce ta fi kowa daɗewa a bakin gado, kuma sau da yawa ita ce ke fara lura idan jiki ya rikice.

Tarihi

Florence Nightingale, wadda ta jagoranci ma'aikatan jinya 38 zuwa asibitin sojan Birtaniya a Sukutari, wani yanki na birnin Istanbul a Turkiyya, a 1854 lokacin yaƙin Kirimiya, tana cikin waɗanda suka fara rubutu a kan batun. A littafinta Notes on Nursing, wanda ya fito a ƙarshen 1859 ko farkon 1860, ta soki tambayar da ke sa wa mutum amsa a baki. Ta ba da misali da barci: in an tambaya ko majinyaci ya kwana lafiya, wanda ya yi sa'o'i yana barci da wanda gyangyaɗi kawai ya samu za su iya ba da amsa iri ɗaya. Gara a tambayi sa'a nawa ya yi, kuma a wane lokaci na dare. Ta kuma hana yin raɗa a ɗakin mara lafiya, da cika shi da fatan da ba shi da tushe, ta ce mai yi masa magana ya zauna inda zai gan shi.

Wadda ta mayar da batun fannin ilimi sosai ita ce Hildegard Peplau, 'yar Amurka da ta rayu daga 1909 zuwa 1999. Ta yi aiki da sojoji masu taɓin hankali a Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu. Littafinta Interpersonal Relations in Nursing ya fito a 1952, bayan ya yi shekaru a ajiye, ana cewa saboda babu sunan likita a cikin marubutansa. Ta bayyana jinya a matsayin dangantaka mai matakai huɗu: sanin juna, samun amincewa, cin moriyar taimakon, sannan rabuwa idan buƙata ta biya.

Miƙa aiki

Asibitoci da dama suna bin tsarin SBAR wajen ba likita rahoto, sunan da aka haɗa daga haruffan farko na matakansa huɗu a Turanci: halin da ake ciki, tarihin ciwon, fahimtar nas, da shawararta. Ana danganta asalinsa da sojan ruwan Amurka. Masu bincike sun saɓa kan iyakar amfaninsa.

A ƙasar Hausa

Gaisuwa da kunya suna da tasiri a nan. Majinyaci kan amsa "ya jiki?" da "da sauƙi" ko da ciwo na cinsa, don haka gogaggiyar nas takan gaisa tukuna, sannan ta tambayi abin da ya ci, da yawan fitsarinsa, ta ce ya nuna wurin da hannu. Kalmar ciwo kanta tana buƙatar bayani, domin zugi daban, suka daban, raɗaɗi daban, kuma "ciwon ciki" na iya nufin mara. Mace kan ɓoye abin da ya shafi al'ada ko juna biyu a gaban suruka, sai an ja labule an rage mutane take faɗa.