Daga Ina Jita Ta Samo Asali? Tambayoyi da Amsoshi

Wane ne ya ƙirƙiro jita?

Babu wani mutum guda da za a nuna a ce shi ne ya ƙirƙiro ta. Kayan kiɗa masu tsirkiya da dogon wuya sun daɗe a duniya, har ana ganin hotunansu a zane-zanen mutanen dā na Masar da na ƙasar da ake kira Iraƙi a yau. Sai dai jitar da muka sani, mai shafaffen baya da matsattsen ƙugu, a ƙasar Sifaniya ta samu siffarta, kuma abin da ya riƙa sauya ta tsawon ɗaruruwan shekaru shi ne ƙorafin da makaɗa ba su daina yi ba, cewa muryarta ba ta kai nesa.

Shin gaskiya ne Larabawa ne suka kai ta Turai?

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ana yawan zuzuta ta. Bayan Musulmi sun shiga Andalus, wato yankin Sifaniya ta yau, a shekarar 711, sun kai kayan kiɗan da ake kira ud, kuma a ƙarni na 9 wani shahararren makaɗi mai suna Ziryab ya baro Bagadaza ya zauna a birnin Kurɗuba, inda ake danganta masa ƙara wa ud tsirkiya ta biyar. To amma ud bayansa kumburarre ne kamar rabin ƙwarya, kuma abin da ya haifa kai tsaye shi ne kayan kiɗan da Turawa ke kira lut. Jita ta taso ne a gefensa, a ƙasar da makaɗan Musulmi da na Kirista ke aron fasahar juna, don haka ya fi dacewa a ce ud maƙwabcinta ne da ta ƙaru da shi.

Yaya aka yi ta kai ga tsirkiya shida?

A ƙarni na 16 jita 'yar ƙarama ce mai tsirkiya tagwaye jeri huɗu, kafin ƙarnin ya ƙare aka ƙara jeri na biyar. Wajen ƙarshen ƙarni na 18 masu sassaƙa kayan kiɗa, musamman a Italiya, suka watsar da tagwayen suka koma shida ɗai-ɗai, domin an riga an iya naɗa siririyar waya a kan tsirkiya ta yadda guda ɗaya za ta ba da sauti mai kauri ba tare da an haɗa ta da wata ba.

Me ya sa ake yawan ambaton Antonio de Torres?

Saboda kusan duk jitar gargajiya da ake ƙerawa yau a kan ma'auninsa take. An haifi Torres a yankin Almeriya a 1817, ya fara da sana'ar kafinta, ya yi aiki a birnin Sebiliya, ya rasu a 1892. Ya faɗaɗa jikin jita, ya rage kaurin allon fuskarta, sannan ya manna siraran itatuwa a ƙarƙashin allon, a baje kamar yatsun hannu, don ya jure jan tsirkiya amma ya ci gaba da kaɗawa. Ra'ayinsa shi ne allon fuska ne ke fitar da sauti, kuma don ya tabbatar da haka, a 1862 ya ƙera jita wadda bayanta da gefunanta na kwali ne, fuskar kawai ta katako mai kyau. A ganina wannan gwaji ya fi dogon bayani amfani, domin duk mai shakka sai a miƙa masa ita ya kaɗa ya ji da kunnensa. Shahararren makaɗi Francisco Tárrega ya kaɗa jitar Torres, daga baya kuma wani makaɗin, Andrés Segovia, ya shigar da jita manyan zaurukan kiɗa na duniya. Shi ne ma ya goyi bayan tsirkiyar nailan a shekarun 1940, lokacin da yaƙin duniya na biyu ya sa ta hanjin dabba ta yi wuyar samu.

Ina jitar lantarki ta fito?

Daga Amurka, kuma matsalar muryar ce dai ta kawo ta. Christian Frederick Martin, mai ƙera jita wanda ya yi ƙaura daga Jamus zuwa Amurka a 1833, ya shahara da gitta itatuwa biyu a ƙarƙashin allon fuska, tsarin da daga baya ya iya ɗaukar nauyin tsirkiyar ƙarfe. Duk da haka, a cikin manyan ƙungiyoyin kiɗa ganguna da kayan busa suna danne ta. A farkon shekarun 1930 George Beauchamp da Adolph Rickenbacker suka fitar da jita mai maganaɗisu da aka naɗe da waya, wanda ke mayar da girgizar tsirkiyar ƙarfe siginar lantarki a tura wa lasifika. Da aka samu wannan, ramin cikin jita ya daina zama dole, sai kamfanin Fender ya fitar da ta dunƙulen katako a 1950, kamfanin Gibson ya biyo da jitarsa mai suna Les Paul a 1952, sannan Stratocaster ta kamfanin Fender ta fito a 1954.

Tana da dangantaka da molo da garaya?

Masana suna sanya su a babban gida ɗaya, na kayan kiɗa masu wuya da ake taɓa tsirkiyarsu da yatsa, amma jita ba daga gare su ta fito ba. Wanda ya gaji irin su molo shi ne banjo, mai fuskar fata, wanda 'yan Afirka da aka kai bauta suka fara haɗawa a tsibiran Karibiyan da Amurka. Ita jita ta jiragen ruwa ta shigo Afirka ta Yamma, matuƙan jirgi 'yan ƙabilar Kru na Laberiya suka yaɗa salonta a garuruwan gaɓar teku. A Sahara kuwa Abzinawa ne suka rungumi ta lantarki, daga ƙungiyar Tinariwen ta Mali zuwa Bombino ɗan Agadas da Mdou Moctar na Nijar, wanda jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke.