Waiwaye: asalin rikicin sauya yanayi wajen rubuta manhaja da murya

Masu rubuta manhaja da murya har yau suna ja-in-ja: a ware yanayin umarni daban da na shifta, mutum ya riƙa sauyawa da bakinsa, ko a gauraya su a bar na'ura ta tantance? Rikicin ba na jiya ba ne.

Farkonsa sananne ne. Dragon NaturallySpeaking, manhajar da ke mayar da magana rubutu, ya fito a 1997, Joel Gould ya samar da Natlink da ya ba da damar tsara wa Dragon umarni da harshen manhaja na Python, sannan jawabin Tavis Rudd a taron masu Python, wato PyCon, na 2013 ya jawo hankalin jama'a.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne aikin da shiru yake yi a da. A tsarin Dragon na yau da kullum, ɗan tsagaitawa ne ke raba umarni da rubutu. Ka yi shiru, ka ce "scratch that", ka sake yin shiru, sai a goge abin da ka faɗa. Ka haɗe shi cikin jimla, sai a rubuta maka kalmomin a shafi. Ga mai rubuta wasiƙa wannan ya wadatar. Mai manhaja kuwa layi ɗaya na iya cin umarni goma, kuma tsayawa sau goma gajiya ce.

Sai aka koma jera umarni a numfashi ɗaya. Wani sanannen misali a Dragonfly, manhajar tsara umarnin murya da Python, yana karɓar har 16 a jere, Caster ma, tarin umarnin da ke aiki a kan Dragonfly, kan wannan dabara aka gina shi. An samu sauri, amma shirun da ke tsaron iyaka ya tafi, dole kalma ta maye gurbinsa. A umarnin da masu amfani da Talon, wata manhajar sarrafa kwamfuta da murya, suka saba, ka ce "snake user name" a rubuta user_name, amma in ka zarce ba ka ce "over" ba, umarnin da ke biye na iya faɗawa cikin sunan. Ga kuma nauyi: jeri yana kumbura ƙa'idojin da injin ke riƙewa, har Dragon kan ƙi loda su, shi ya sa a Caster ake kunna na harshen manhajar da ake aiki da shi kaɗai, da "enable Python".

A nan yanayi ya yawaita: na umarni, na shifta, na barci da injin ke daina aiwatar da abin da ya ji, ga na kowane harshe. Wani kuskuren ba na rashin ji ba ne, mantuwa ce. Mutum ya ɗauka injin yana yanayin barci, ya amsa sallamar baƙo, injin ya laluba umarnin da ya fi kama da abin da ya ji, ya aiwatar a cikin fayil.