Ruwan sabon tankin kifin ado ya yi fari: mene ne matsalar, me za a yi?

Na haɗa tanki kwana uku da suka wuce, yau ruwan ya koma kamar ruwan wankin shinkafa. Me ya faru?

A fara duba lokacin da abin ya bayyana. Idan tun ranar da aka zuba ruwa ne, ƙurar tsakuwa ce ko ta yashin da ba a wanke sosai ba, kuma takan kwanta cikin kwana ɗaya ko biyu idan filta, wato na'urar tace ruwa, na aiki. Idan kuwa ruwan ya fara garau, sai bayan kwana biyu zuwa mako guda ya yi fari, to ƙwayoyin bakteriya ne suka hayayyafa a cikinsa. Suna cin ragowar abinci da kashin kifi, suna ninka yawansu cikin ƙanƙanin lokaci har ido ya gan su kamar hazo. Su kansu ba sa cutar da kifi, illarsu ita ce suna shanye iskar oksijin, don haka a kunna injin busa iska.

In zubar da ruwan duka in sake sabo?

A'a. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa. Sabon ruwa ba ya kawar da su, kwana biyu sai farin ya dawo. A rage abinci, a ba kifi abin da zai cinye cikin minti biyu sau ɗaya a rana, a bar filta ta yi aikinta. Galibi ruwan kan washe da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kada kuma a jefa alif ɗin da ake sa wa ruwan randa, domin yana saukar da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, farat ɗaya.

To idan ruwan ya washe, an tsira ke nan?

Nan ne haɗarin yake, domin abin da ke kashe kifi a sabon tanki ba shi da launi. Kifi yana fitar da amoniya, ruɓaɓɓen abinci ma haka. Wani rukunin bakteriya, irin su Nitrosomonas, ke mai da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne. Wani rukunin, irin su Nitrospira, ya mai da naitirait naitiret, mai sauƙin illa. Waɗannan ba su ne masu sa ruwa fari ba. Suna manne a jikin soson filta da tsakuwa, kuma haihuwarsu a hankali take, shi ya sa tanki kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ya kafu.

A wannan tsakanin, abin gwajin ruwa na ɗigo ne idon mai tanki. Ana so amoniya ta zama 0, naitirait 0, naitiret ƙasa da miligiram 40 a lita, ya fi kyau ƙasa da 20. Idan amoniya ko naitirait ya kai miligiram 0.5 a lita, a canza kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan a ranar, a sake gwadawa washegari. Kifin da ke tasowa sama yana haki alhali iska na shiga, a zargi naitirait, don yana hana jini ɗaukar oksijin.

Sai na gyara pH?

Yawancin kifayen ado suna zaune lafiya tsakanin 6.5 da 7.5, kuma tsayuwar pH wuri ɗaya ta fi musu amfani kan a yi ta hawa da sauka da magani. Abin lura shi ne amoniya tana ƙara dafi idan pH ya yi sama kuma ruwa ya yi zafi. Adadin da kifi zai jure a pH 6.8 yana iya kashe shi a 8, musamman lokacin bazara.

Wane ruwa zan zuba?

Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin, mai kashe bakteriyar filta. Ajiye shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu yana korar kulorin, amma ba ya korar kuloramin, haɗin kulorin da amoniya da ake sa wa wani ruwan famfon. Maganin ɗigo mai kawar da kulorin ya fi tabbas. Seachem Prime, misali, mililita 5 ake sa wa lita 200. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin, sai dai yakan fito da ƙarancin oksijin, wani wurin da sinadarin ƙarfe, don haka a busa masa iska kwana guda kafin a zuba. A tabbatar zafinsa ya zo daidai da na tankin.

Idan kore ne ko launin shayi fa?

Kore gansakuka ce mai yawo, haske ya yi yawa. A janye tankin daga taga, a taƙaita fitila zuwa awa 6 zuwa 8, idan ya ƙi a lulluɓe shi kwana uku ba haske. Launin shayi daga itacen ado yake fitowa, ba ya cutarwa, gawayin filta yana ɗauke shi.

Yaya ake wanke filta, kuma me zai faru idan an ɗauke wuta?

A matse soson a cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin, ba a bakin famfo ba, kuma kada a sauya soso duka lokaci guda. Bakteriyar filta da oksijin take rayuwa. Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, a ciro soson a sa shi cikin tankin kusa da ƙaramin injin iska mai batir. Filtar da ta kwana a kashe, a zubar da ruwan cikinta kafin a kunna, sannan a gwada amoniya kwana uku a jere.